Ƙafafu Biyu da Ban Sauke Ba

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya san abin da kowannenmu ya ɓoye. Sunana Yohanna, kafinta ne ni. Wanda bai san sunana ba a nan ya san hannuna. Ga shi, yau ba zan cusa shi cikin aljihu ba. Babban yatsa da manuniya ne suka rage, sauran ukun inji ya cinye.

Fasto ya ba ni minti goma. Zan wuce, sai ya yi haƙuri. Ƙaryar shekara biyu ba ta wankuwa a minti goma.

Kafin kiriz ta zo, wato matsin tattalin arzikin nan, shagona yana wajen unguwar Bali a nan Duwala, babba, ina yi wa ma'aikata kujeru da kabad. Da aka zaftare albashi, mutanen da ke zaɓar launin fenti suka koma zama a kan tabarma. Na kasa riƙe wurin. Na sayar da komai, na dawo New Bell, bakin unguwar Hausawa, cikin wani ɗan shago da ko akuya za ta raina. Abu ɗaya na ƙi rabuwa da shi, injina na fere katako, wanda muke ce wa rabotes. Ƙarfe ne zalla, ƙarti shida suka sauke shi daga mota suna zagina.

Ga matsalar. Dogon katako ba ya shiga shagon, dole injin ya fito bakin ƙofa kafin in yi aiki. Kun kuma san ruwan Duwala, ba ya sallama. Da hadari ya haɗu dole injin ya koma ciki. Kullum ina tare masu wucewa ina roƙo a taya ni turi, har mutane suka fara canja hanya in sun hango ni.

Tsallaken layi akwai wani mai walda, Malam Hamadu, mutumin Garwa, Musulmi, ya girme ni nesa. Shi ke gyara wa masu pus-pus amalankensu, shi ke yin ƙofofi da tagogin ƙarfe na rabin unguwar. Wata rana ya tsaya yana kallonmu muna nishi, sai ya tsallako da ma'auninsa.

Ya ce, “Maƙwabci, wannan wahala ta isa. Bari in sa masa ƙafa ya riƙa tafiya da kansa.”

Kwana huɗu ya yi. Ya haɗa gindi na ƙarfe daidai girman injin, ya sa masa tayoyi huɗu da ya tsinto wajen masu tsohon ƙarfe a Bonaberi. A gaba kuma ya sa ƙafafu biyu masu juyi. In ka murza su, sai su sauka su dafe ƙasa, tayoyin gaba su ɗan ɗaga, injin ya tsaya kamar an dasa shi. Ranar da muka ɗora, da hannu ɗaya na tura abin da ke gagarar mutum shida. Na yi ta dariya kamar wanda aka yi wa bushara.

Malam Hamadu bai yi dariya ba. Ya nuna daɓen shagon da ƙafarsa. Mai gidan ya yi shi da gangare zuwa lambatu, don in ruwa ya shigo ya fita da kansa, kamar yadda ake yi a duk layinmu.

Ya ce, “Ka ga simintinka yana da fant, gangare ne. Kafin ka ba shi kuran, kafin ka kunna wuta, ka sauke ƙafa. Kullum. Ko da katako ɗaya za ka fere.”

Na ce na ji. Na kuwa ji, wata bakwai ina saukewa.

A shekarun nan abu ɗaya ne bai daina ciniki ba, akwatin gawa. Ni da na yi teburin manya, na koma auna matattu. Wata Talata aka kawo mini aikin akwati, jana'iza ranar Alhamis, ga shi an ɗauke wuta tun Lahadi. Ranar Laraba da rana tsaka wuta ta dawo, hadari kuma ya taso baƙi ƙirin daga wajen teku. Na tura injin bakin ƙofa da gudu. Na dubi ƙafafun nan biyu. 'Yan'uwa, ba mantuwa na yi ba, na dube su da idona. Na ce a raina katako shida ne kawai, kafin in durƙusa in murza, ruwa ya sauko ko wuta ta sake tafiya. Na kunna.

Katako na farko ya wuce lafiya. A na biyu na danna da ƙarfi, injin ya zame gaba ya bi gangare, katakon ya kuɓuce, hannuna ya sauka a kan wuƙaƙe. Ban ji zafi ba a lokacin. Na dai ga jini a bango.

A lopital, wato asibiti, mutane suka cika, 'yan coci da maƙwabta. Wani ya tambaya, “Garin yaya?” Na buɗe baki, na ji kaina ina cewa, “Tayar Hamadu ce. Na sauke ƙafa, ƙafar ta saki.”

Kunya ce ta sa. Kafinta mai shekara ashirin a sana'a, a ce gaggawa ta yanke masa hannu kamar sabon shiga? Na gwammace a tausaya mini da a yi mini dariya. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na wani, alhali shi ba shi da ko ɗaya.

Da na fito, sai na mayar da maganar sana'a. Akwai teburin mai shayi a bakin layinmu inda masu pus-pus da 'yan kasuwa ke karyawa. Kowace safiya ina can, ina ɗaga dungulmin hannuna ina cewa, “Ga aikin Hamadu.” Ana ba ni shayi kyauta. Har ƙari na riƙa yi, na ce tsohon ƙarfe ya sa mini, na ce idonsa ya mutu ba ya ganin walda.

Ana cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya, ta yi jikoki. A lokacin da kowa ke neman dalilin riƙe ɗan abin da ke hannunsa, na ba su dalili. Masu pus-pus suka koma wajen wani. Wanda ya ba shi aikin ƙofa ya zo ya kwashe ƙarfensa. Ina zaune a shagona ina ganinsa tsallaken layi, daga safe har la'asar ba ƙyallin walda ko sau ɗaya.

Sau biyu ya zo gidana. Na farko da ayaba da lemo, na ce a ce masa ina barci. Na biyu na fito da kaina, na ce, “Ka zo ka ƙirga sauran yatsun ne?” Ya dube ni, ya juya. Bai sake zuwa ba.

Kada ku ɗauka na ji daɗi. Na tura injin ƙuryar shago na rufe shi da buhu, na koma 'yan gyare-gyaren kujera da hannun hagu. Na fara shan arki, barasar nan mai ƙarfi, da farko wai don zafin hannu, daga baya don kada in ga shagon da ke tsallake. Na tsani mutumin nan kamar raina zai fita, don kullum na gan shi sai in tuna ko ni wane ne. Ranar Lahadi kuma ina nan a layi na uku, ina waƙa. Wasunku kun ɗora mini hannu kun yi addu'a Allah ya ba ni zuciyar yafe wa Hamadu. Na ce amin.

Matata Rifkatu ita ta riƙe gidan da tuyar ƙosai. Shekara biyu ba ta ce mini uffan a kan maganar ba. Wata Litinin da safe ta dawo daga famfo, ta ajiye bokiti, ta tsaya a kaina.

Ta ce, “Baban Talatu, Malam Hamadu ya sayar da injin waldarsa. Jibi zai hau jirgin ƙasa, zai koma gida da iyalinsa.”

Na ce, “Allah ya raka taki gona.”

Ta ce, “Ranar da aka kai ka lopital, ruwa ya sauko. Ni na mayar da injin ciki. Ban murza komai ba, turawa kawai aka yi ya tafi. Ƙafafun suna sama.”

Na daka mata tsawa, na ce me mace ta sani game da inji. Ta ɗauki bokitinta ta wuce. Na fita a fusace na nufi shago, niyyata in nuna mata ƙafar ta lalace. Na yi ta faɗa har na fara yarda da kaina, ina fata in tarar da ita a karye.

Na yaye buhun, na durƙusa, na kama marikin da yatsun nan biyu. Shekara biyu cikin damshin Duwala, inda ko cokali tsatsa yake yi. Na murza, ta juya sumul, man da ya shafa mata yana nan. Ta sauka ta dafe siminti. Na murza ta biyun. Na tashi na sa kafaɗa na tura injin da duk ƙarfina, ko motsi bai yi ba.

A nan na durƙusa a gindin injin. Ban iya wata doguwar addu'a ba. Na ce, “Yesu, ni ne. Ni na yi, kuma na sani tun ranar.” Na yi ta maimaitawa, goshina a kan ƙarfen, ina kuka kamar an yi mini mutuwa. Ba murya na ji ba, ba haske na gani ba. Na dai ji cewa in na bar mutumin nan ya hau jirgi da ƙaryata a kansa, duk waƙar da zan yi a ɗakin nan har in mutu hayaniya ce.

Na tsallaka layin. Taku goma sha biyu ne, ban taka shi ba shekara biyu. Na same shi yana ɗaure kaya a shagon da ba komai sai baƙin tabo a ƙasa. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat.

Na ce, “Malam, ƙafarka ba ta saki ba. Ni ne ban sauke ba.”

Bai daina ɗaurin igiyarsa ba. Ya ce, “Na sani. Wa kake tsammani ya taya matarka turi ranar?”

Na ce, “To me ya sa ba ka faɗa ba?”

Ya ce, “Mutum yana kwance ya rasa yatsu uku, in bi unguwa ina cewa laifinsa ne? Na ce in ka warke za ka faɗa da bakinka. Na jira ka, Yohanna. Na daɗe ina jiranka.”

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Na ce ya yafe mini.

Ya ce, “Tsakanina da kai, na bar wa Allah, na yafe. Amma ba a nan ka ɓata ni ba. Inda ka zubar, can za ka je ka kwashe.”

Washegari na je teburin mai shayi a lokacin da ya fi cika. Na tsaya, na ɗaga hannun nan kamar yadda na saba, na ce, “Wannan aikina ne, ba aikin Hamadu ba. Ƙarya na yi muku shekara biyu.” Na faɗa da Hausa, na faɗa da Faransanci don kada wani ya ce bai ji ba.

Kun san abin da ya faru? Wani ya ce, “Se vre?” wato da gaske, ya ci gaba da tsoma burodinsa. Wani ya yi dariya ya ce arki ne ke magana. Waɗanda suka yi ta yawo da ƙaryar har Japoma can bakin gari, ba wanda ya tashi ya kai gaskiyar ko bakin lambatu. Mutum ɗaya ne, wani tsohon mai pus-pus, ya dube ni ya ce, “Ka kashe mutum da ransa.” Shi kaɗai ya ji ni.

Ranar Laraba Malam Hamadu ya tafi. Na ɗaukar masa akwati ɗaya har tasha da hannun hagu, ya bar ni na ɗauka. Shekara talatin ya yi a garin nan, ya koma ba injin, ba suna. Tubana bai dawo masa da ko kwastoma ɗaya ba. Kada wani ya tafa mini a kan wannan.

To ina ceton yake? Ga shi. Tun ranar da na durƙusa a shagon nan, wata biyar ke nan, arki bai taɓa bakina ba, kuma ba ƙoƙarina ba ne, ƙishirwar ce ta tafi. Ina iya kallon matata ido da ido. Na koma kan injin, na koyi tura katako da itacen turi, abin da ya kamata in yi tun farko. Ubangiji ya fitar da ni daga ramin da na haƙa da bakina, bai kuwa jira na cancanta ba.

Amma akwai saura, shi ya sa na roƙi a ba ni wurin nan. A ɗakin nan ma na zubar. Da yawanku daga bakina kuka ji, wasunku kun kai gaba, wasu kun hana danginku kai masa aiki. Ban zarge ku ba, ni na ba ku. Yau na zo in kwashe. Malam Hamadu mai walda, mutumin Garwa, aikinsa ba shi da aibi. In akwai wanda kuka gaya wa akasin haka, ku koma ku gaya masa wannan.

Na gode wa Yesu da bai bar ni na mutu da ita a baki ba. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da ka ɗora wa wani alhali naka ne, ka dogara ga Ubangiji ka sauke shi yau, zai riƙe ka, ni shaida ne. Shi ba ya gajiya da jira. Amma mutumin da ka zalunta yana gajiya, kuma jirgi yana tashi. Ni na makara da shekara biyu, kullum na buɗe shago ƙofar da ke tsallake a kulle take.

Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.