Gwiwar Mai Tsaron Raga

Wani mai ƙungiyar ƙwallo ya tare tsohon koci a ɗakin jiran likitan ƙashi.

"Baba, ba kai ne mai kofi bakwai ba? Zo ka horar min da 'yan wasana."

Tsohon bai ko ɗago kai ba.

"Ka ga wancan mai sanda? Shi ne mai tsaron ragarmu. Ranar wasan ƙarshe ya ce gwiwarsa ta ƙi. Da hannuna na ɗaure ta, na ce namiji ba ya raki."

"Ai kun ci!"

"Mun ci. Shekara sha ɗaya ke nan ina kawo shi nan."

"Ƙaddara ce, Baba. Zo ko sau ɗaya."

"Ƙaddara ba ta ɗaure gwiwa. Nemi wani, ɗana. Ba zan zo ba."