Yayen Abdurra'uf

Inna: Salamu alaikum. Wa ke magana?

Hapsatu: Wa alaikumus salam. Inna, ni ce. Ina wuni?

Inna: Wa?

Hapsatu: Hapsatu, daga Birnin Kudu.

Inna: Au, ke ce. Tsaya in matsa bakin rijiya, wayar nan a can kawai take ji. To, lafiya lau. Ya gida? Ya makarantar taku?

Hapsatu: Alhamdu lillahi. Ya mutanen Gwaram? Ya idon?

Inna: Ido yana nan yadda kika bar shi, mutum sai dai in ga inuwarsa. Ya maigidan naki?

Hapsatu: Yana Dutse, sai Juma'a.

Inna: Ƙawata Kausar fa? Ta daina kukan zuwa makaranta?

Hapsatu: Ta daina. Yanzu har ta iya rubuta ɗaya zuwa biyar, sai dai ukun nata baya yake kallo. Tana nan tsakar gida tana wasa.

Inna: Allah ya raya. Ke kuma ya nonon?

Hapsatu: Ya cika, yana ciwo, amma da sauƙi. Inna, ya Abdurra'uf?

Inna: Na san duk gaisuwar nan hanya kike nema. Kwana biyar da kawo yaro yaye, kin kira sau tara.

Hapsatu: Ko numfashinsa ne ki bari in ji.

Inna: Ba zai ji muryarki ba sai ya cika sati biyu. Yana ji, aiki ya koma baya. Amma ga albishir: angon nawa ya taka.

Hapsatu: Ya taka?

Inna: Jiya. Taku bakwai, ba wanda ya riƙe shi. Ke da kike ta kai shi asibiti wai wata goma sha tara bai yi tafiya ba.

Hapsatu: Alhamdu lillahi. Kuma ban gani ba.

Inna: Za ki gani har ki gaji. Ga ci kuma. Yaron da ya yi kwana biyu yana ture kunu da ƙafa, yanzu sai ya shanye kofi. Allah dai ya saka wa matar nan da kika aiko.

Hapsatu: Layin ya ɗan yanke. Wa kika ce?

Inna: Matar da kika aiko ta taya ni. Ai wurinta ya taka.

Hapsatu: Inna, ban aiko kowa ba.

Inna: To ko maigidanki ne.

Hapsatu: Da ya faɗa min. Wace ce? Me ta ce miki?

Inna: Ranar Litinin ta fara zuwa, ana idar da azahar. Dattijuwa ce, murya a dushe kamar mai mura. Ta yi sallama a zaure, ta ce daga wurin Hapsatu take, ta zo karɓar aikinta. Yaron yana ta tsala kuka a lokacin. Tana ɗora shi a baya ya yi shiru.

Hapsatu: Kuma kika ba ta shi? Ba ki tambayi sunanta ba?

Inna: Ke, ni yarinya ce? Ai da shaida ta zo. Majanyinki ne a hannunta, saƙin nan mai jan baki da na ba ki ranar sunan Kausar. Ido ne ba ni da shi, hannu ina da shi. Na shafa na ji inda na ɗinke shi a gefe. Kina ji na? Hapsatu?

Hapsatu: Ina ji. Inna, majanyin nan ranar Litinin na wanke shi, bayan na taso daga aiki. Ƙarfe ɗaya da rabi na shanya shi a igiya. Na shiga na yi salla, na fito babu shi.

Inna: To ai ka ji. Ta ɗauko ta taho.

Hapsatu: Daga Birnin Kudu zuwa Gwaram a rabin awa? Ko mota ta cika nan take ba za ta kai ba.

Inna: Da ɗan danshinsa kam ya zo.

Hapsatu: Na tambayi Kausar a ranar. Ta ce ita ta ciro shi da sanda ta miƙa a bakin ƙofa, wai an ce mata Abdul yana kuka. Na ɗauka shirmen yara ne, na ce iska ta kai shi maƙwabta.

Inna: Wa ta ce ta ba?

Hapsatu: Jiya kuma muna cin abinci ta ce min Abdul ya yi tafiya. Na ce wa ya faɗa miki, ta ci gaba da cin abincinta. Har yatsu ta nuna min, bakwai. Ita da ba ta wuce biyar ba a ƙirga.

Inna: Na ce wa ta ba majanyin?

Hapsatu: Ta ce Gwaggo Jummai.

Inna: A'uzu billahi. Bar wannan maganar.

Hapsatu: Kausar ta san ta, Inna. A hannunta aka yaye ta a Basirka, wata biyu ta yi a can. Da Gwaggo ta rasu bara ba mu faɗa mata ba, muka ce ta yi tafiya. Shi ne ranar Litinin ta ce min Gwaggo ta dawo daga tafiyar.

Inna: Yaro yana faɗin abin da ya ga dama. Wanda ya tafi ya tafi, Allah ya ji ƙanta.

Hapsatu: Amin. Matar nan, tana shiga ɗaki?

Inna: A zaure take zama. Na kai mata ruwa, na kai mata tuwo, yadda na ajiye haka nake ɗauka. Na ce ko azumi take.

Hapsatu: Wani ya gan ta ban da ke?

Inna: Kowa yana gona, ana yankan gero. Kafin la'asar ta tafi.

Hapsatu: Inna, ki faɗa min gaskiya. Ba ki ji komai ba?

Inna: Ƙanshin daddawa. In ta tafi sai zauren ya wuni yana yi. Na ce a raina ai ba gwaggonki kaɗai ke yin daddawa a ƙasar nan ba. Yaron yana ci, yana barci, shi ya sa ban so in bincika ba.

Hapsatu: Ranar da na je ɗauko Kausar daga wurin Gwaggo, ta ƙi sakinta. Ta ce ita Allah bai ba ta nata ba, mu kuma sai mu kawo mata su ta saba, mu zo mu ƙwace. Don ta sake ta na ce mata na gaba in namiji ne, ita za ta yaye shi, kuma na bar mata shi.

Inna: Kin bar mata?

Hapsatu: Da wasa na faɗa.

Inna: Jummai ba ta san wasa ba a kan yaro.

Hapsatu: Yanzu yana ina?

Inna: Yana zaure wurinta. Yau da ta zo ta ce tunda ya iya tafiya ba sai an goya shi ba, da ƙafarsa zai je gida. Na ce ai sati biyu bai cika ba. Ni na ɗauka gidanki take nufi.

Hapsatu: Inna, ki je zauren. Kada ki kashe wayar. Ki tafi a hankali, akwai turmi a hanya.

Inna: Na san gidana. Ina tafe. In ta yanke ba ni ba ce... Baiwar Allah? Salamu alaikum?

Hapsatu: Me kika gani?

Inna: Tabarma ce kawai. Ga majanyin a ninke. Ƙofar waje a buɗe take.

Hapsatu: Shi fa?

Inna: Tsaya. Ga shi can ya fita, ina ganin jar rigarsa. Yana tafiya, ya nufi hanyar Basirka.

Hapsatu: Shi da wa?

Inna: Shi kaɗai nake gani. Amma hannunsa ɗaya a sama yake, kamar an riƙe.

Hapsatu: Ki kira shi.

Inna: Abdul. Angona, zo ka karɓi ƙuli. Bai ko waiwayo ba. Hapsatu, sauri yake, ƙafata ba za ta cim masa ba.

Hapsatu: Ki danna maɓallin da na nuna miki, mai ƙara murya. Ki ɗaga wayar sama.

Inna: In ya ji ki, yayen ya lalace.

Hapsatu: Ya lalace ɗin. Danna.

Inna: Na danna.

Hapsatu: Abdurra'uf! Abdul, Mama ce. Zo ka sha. Zo, ɗana, ga Mama.

Inna: Ya tsaya. Ƙara.

Hapsatu: Zo ka sha nono, Abdul. Ban ba kowa kai ba. Na janye maganata, ban bayar ba.

Inna: Hannun ya sauka. Ya faɗi zaune, yana kuka. Ga shi yana rarrafowa. Zo, zo nan... Na riƙe shi. Na riƙe shi, Hapsatu. Tafin hannun nan nasa sanyi ƙalau.

Hapsatu: Ki shiga da shi ɗaki ki sa sakata, ki yi masa addu'a. Majanyin ki bar shi inda yake. Yanzu zan tafi tasha, ko shata ce in ɗauka.

Inna: Ki taho da ƙawata, kada ki bar ta wurin maƙwabta.

Hapsatu: Tare za mu zo. Kausar, ɗauko hijabinki, za mu... Kausar? Wa ya ce ki sa takalmi?

Inna: Me take cewa? Ba na ji.

Hapsatu: Wai tunda Abdul ya ƙi, ita aka ce ta zo.

Inna: Tana ina?

Hapsatu: Bakin ƙofa. Kausar, sauke hannunki. Sauke hannun nan, ki zo nan wurina. Inna, zan...

Inna: Hapsatu? Hapsatu?