Baba ya ce musu lafiya lau

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Rakiya, daga Zongon Kwatano.

Mahaifina ɗan sahun farko ne a masallacin unguwarmu. Da ƙafafunsa suka yi rauni, fitsari kuma ya soma kufce masa, sai ya daina fita, wai kada ya ɓata wa mutane tabarma. Ni ke wanke masa kaya, amma ba mu taɓa yin zancen ba.

Maƙwabciyarmu ta ce mu kai dosiye, wato takardun neman taimako, ofishin taimakon naƙasassu, ana samun keken guragu da kush, wato ƙunzugu, na manya. Ranar da muka je, Baba ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya fesa turare. Da ma'aikaciyar ta shigo, ya dafa bango ya miƙe don girmamawa. Ta tambayi abin da ke damunsa da Faransanci, ni ce tafinta. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Gaya mata lafiya lau, alhamdulillahi." Ni ma kunya ta rufe mini baki. Abin da ta gani ta rubuta, aka ce bai cancanta ba. Wallahi haushin kaina nake ji.

A hanya ya ce, "Rakiya, yaya zan faɗi wannan ta bakinki?"

Jama'a, ku ba ni shawara. Ana sake dosiye? Takardar likita za ta yi magana a madadinsa? Kowace Juma'a yana wanka, ya sa hula, ya zauna a zaure yana jin huɗuba daga nesa. So nake ko sau ɗaya in tura shi har ƙofar masallacin.