Harsashin Mutum Biyu

A layin sabunta lasisin bindiga a garin Calvinia, Gawie ya leƙa takardun tsohuwar da ke gabansa.

"Gwaggo, bindiga uku, duk harsashi iri ɗaya? Ai ɓarna ce!"

"Kai dai akwai sa ido! Biyu na maigidana ne. In mun fita farautar dilolin da ke cinye mana tumaki, kullum sai ya manta harsashinsa. Sai na sayi bindiga irin tasa. Shekara arba'in daga aljihuna yake ɗiba."

"Ki hana shi sau ɗaya mana, ya yi hankali."

"Ya rasu bara, ɗan nan."

Gawie ya cire hularsa.

"Mayar da hularka, akwai rana. Ni ce ban yi hankali ba. Har yau na mutum biyu nake zubawa a aljihu."