Kwarin da Na Rubuta "Ba Kowa"

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban gundumarmu, wanda kuma shi ne shugaban wannan taro, mai girma babban injiniya, da ya kwana biyu cikin jirgin ƙasa daga babban birni don ya zauna tare da mu, manajan kamfanin siminti na gwamnati da abokan aikinsa, manajan masaƙa, shugaban tashar jirgi, malamanmu da dattawanmu, iyayenmu mata da suka zauna can baya kusa da ƙofa inda iska ke shigowa, don sun fi mu wayo, ma'aikata, manoma, makiyaya, masunta, 'yan kasuwa, da duk wanda ya ajiye abin da yake yi ya zo: ina gaishe ku gaisuwar girma, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga Allah da ya ja kwanana zuwa yau, ina kuma godiya ga waɗanda suka tuna da tsoho suka aiko masa da takardar gayyata. Ga wanda bai san ni ba, ni ne tsohon safiyon wannan gunduma, wato mai awon ƙasa. Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan sarƙar awo a cikin ƙaya da tsakuwa, har sunana na yanka ya ɓace, kowa sai Mai-Sarƙa. Wannan taswira da aka rataye a bayana aikin hannuna ce, ga sa-hannuna can a ƙasa ta dama.

An ce in yi muku bayani kan yanayin ƙasarmu da arzikinta da masana'antunta, kafin mai girma shugaba ya sa hannu a takardar da za ta miƙa kwarin bayan tasha ga kamfanin siminti, a cike shi da ƙasa, a gina babban sito da wurin tsayawar manyan motoci. Zan yi bayanin. Amma ba na son in yi muku rufa-rufa, don haka tun yanzu nake faɗa: idan na gama, zan roƙi mai girma shugaba kada ya sa hannun nan yau. Gidaje fiye da ɗari biyu ne ke ci daga kwarin nan, kuma ni ne na jawo aka ɗauka ba kowa a cikinsa. Ku yi mini haƙuri mu bi abin daki-daki.

Na farko, ƙasar kanta. Ku ɗauki farantin shayi, ku ɗaga gefe ɗaya kaɗan, to kun ga gundumarmu. Gefen da kuka ɗaga shi ne arewa, inda duwatsun farar ƙasa suke. Tsakiya shimfiɗaɗɗiyar baƙar ƙasa ce, mai riƙe ruwa, mai riƙe takalmi, wadda ta cinye mini takalma sun fi ashirin. Gefen da ya yi ƙasa shi ne kudu, inda kogi ya yi mana iyaka. Daga dutse zuwa kogi tafiyar kilomita sittin ce, na auna ta da ƙafata, tafiya da dawowa. Duk ɗigon ruwan da ya sauka a kan dutse, kudu ya nufa, ba ya neman izinin kowa. Ƙasarmu babba ce, mu kuma muna can gefenta, har akwai ranar da wani akawu a babban birni ya dubi takardata ya ce, "Malam, wannan wuri a cikin ƙasar nan yake?" Na ce masa, "Ranka ya daɗe, rigar da ke jikinka a can aka saƙa ta." Ya shafa rigar, ya buga mini hatimi.

Na biyu, arzikinmu. Baƙar ƙasa tana ba mu auduga, gindin dutse yana ba mu kiwo, kogi yana ba mu kifi, kasuwar bakin tasha kuma tana haɗa mu duka mu yi ta musu a kan farashi kamar ba za mu sake gaisawa ba, mu kuma tashi mu hau mota ɗaya. Ba mu da zinariya, ba mu da man fetur, amma ban taɓa ganin shekarar da abu uku suka ƙi mu a lokaci ɗaya ba. In auduga ta yi gardama, shanu su rufa asiri. In shanu suka rame, kogi ya tuna da mu. Wallahi ina son ƙasar nan, ina son mutanenta, har da taurin kanmu.

Na uku, masana'antun gwamnati. Muna da masaƙa, wadda jiniyarta ce agogon kowa a garin nan. Maiɗakina ba ta taɓa ɗora tukunya don ta dubi agogo ba, sai don ta ji jiniyar sha biyu. Muna da tashar jirgi, wadda ba don ita ba da audugarmu ta ruɓe a hannunmu. Muna kuma da kamfanin siminti, wanda wutar murhunsa ba ta mutu ba tun ranar da aka kunna ta, wanda ya mayar da dutsen da muke tuntuɓe da shi ya zama albashi. Ɗana na biyu a can yake aiki, jikokina simintin nan ne ya sa musu takalmi. Saboda haka kada wani ya fita daga zauren nan ya ce Mai-Sarƙa ya tsufa ya koma gaba da kamfani. Manaja yana da gaskiya, yana buƙatar sito. Na gani da idona bara, buhuna jibge a ƙarƙashin tampol, ruwa ya shige su, suka daskare suka koma dutsen da aka fasa aka yi su. Duk mai kishin gundumar nan ya ga wannan sai ransa ya ɓaci.

Na huɗu, kuma a nan ne bakina ke yin nauyi, shi ne kwarin bayan tasha. Ku dubi taswira, ƙasa da layin dogo kaɗan. Kun ga wancan farin wuri, mai faɗin tafin hannu? An rubuta a kansa, "Fili, ba kowa, ba a amfani da shi." Injiniya bai yi laifi ba, abin da ya gani a takarda ya bi. Mai laifin ga shi tsaye a gabanku.

Bari in gaya muku yadda muke aiki, mu safiyoyi. Ba ma fita awo da damina, domin ƙafafun na'ura suna nutsewa a taɓo, mota kuma ba ta shiga. Sai rani ya yi nisa, ƙasa ta bushe ƙarau, sannan ofis ya ba mu mota da fom. A fom ɗin nan gida biyar ne kacal: gari, gona, daji, ruwa, fili. Dole kowane wuri ya shiga gida ɗaya, kuma doka ita ce ka rubuta abin da idonka ya gani ranar awo. Ranar da na je kwarin nan, ana tsakiyar bazara ne, ƙasa ta tsattsage, ko tsuntsu babu. Ba gida, ba shuka, ba itace, ba ruwa. Na zaro alƙalami na sa alama a gida na biyar.

To amma jama'a, kwarin nan aiki huɗu yake yi a shekara. Da damina, ruwan da ya gangaro daga dutse a nan yake sauka ya huta, ya kai wa namiji ƙirji, kafin ya lallaɓa ya wuce kogi. Da kaka, in ruwan ya fara ja, ana yankan shinkafa a gefensa, masunta suna kwasar kifin da ya maƙale. Bayan nan mata su shiga da lauje su yanki ciyawar saƙa, wadda ake yin tabarmin da rabin mutanen zauren nan suka kwana a kai jiya. Sannan shanu su shigo su share saura, masu tukwane su haƙi yumɓu. Wata biyu kawai yake zama fayau a shekara, kuma a cikin wata biyun nan ne ofis ke ba mu mota.

Da a ce baƙo ne ya yi wannan kuskure, da sai mu ce bai sani ba. Ni kuwa a bakin kwarin nan aka haife ni. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, yayata ce ta riƙe ni, kuma da ciyawar kwarin nan ta riƙe ni. Tabarmi take saƙawa har yatsunta su tsage, da su aka sa ni a makaranta, da su aka yi mini rigar da na je neman aikin safiyo. Na san wurin kamar yadda na san tsakar gidanmu. Amma ina sabon ma'aikaci, ga hula ga takalmi sau-ciki, ina jin kunyar in koma ofis in ce wa shugabana fom ɗin babban birni bai isa ya ɗauki kwarin su Yaya ba. Na zaɓi fom ya fita tsaf, ba gyara ba ƙazanta. Na ce a raina, takarda ce kawai, wa zai duba? Shekara arba'in ba wanda ya duba, sai bana.

Makon jiya ina zaune a ƙofar gida, sai ga Yaya tafe da sandarta, ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa. Ta ce, "Auta, an kafa turaku masu jan fenti a kwari. Jikata ta karanta mini takardar da aka liƙa, wai ba kowa a wurin. Wa ya gaya musu haka?"

Na ce, "Yaya, ki zauna tukuna."

Ta ce, "Ba zama na zo yi ba. An ce wani safiyo ne ya rubuta. Na ce ƙarya ne, safiyo ɗaya aka taɓa yi a nan, kuma ni na yi masa wanka."

Na sunkuyar da kai. Sai ta ce, "Ashe dai kai ne. To mu da muke ciki, mene ne mu?"

Jama'a, na sha faɗa a wurin shugabanni, na sha zagi a wurin masu rikicin iyaka, amma ba a taɓa yi mini tambayar da ta hana ni cin abinci kwana biyu ba sai wannan. Kunya ta kama ni, kuma har yanzu da nake tsaye ba ta sake ni ba.

Saboda haka, mai girma shugaba, ga roƙona, kuma ba dogo ba ne. In aka cike kwarin nan, gidaje ɗari biyu sun rasa abin yi, wannan ɗaya. Na biyu, ruwan dutse ba zai fasa zuwa ba don an zuba masa ƙasa. Zai nemi wuri mafi kusa, wuri mafi kusa kuwa shi ne unguwar ma'aikata da ɗakin injin masaƙa. Injiniya ya fi ni ilimi, in ya dubi lambobin tudu da gangare da ke gefen taswirar zai ga haka, waɗannan kam na auna su daidai. Wurin sito kuma akwai shi: tudun tsakuwa da ke gabas da mahaƙar dutse, kilomita ɗaya da rabi daga layin dogo. Wannan na je shi da rani, na je shi da damina, ko akuya ba ta tsayawa a kai. Zai ƙara wa kamfani ɗan aikin hanya, ban ɓoye ba.

Na san maganar tsoho ɗaya ba ta ture takarda mai hatimi. Don haka ina neman alfarma. Duk wanda ke cikin zauren nan da shinkafar kwarin nan, ko kifinsa, ko ciyawarsa, ko yumɓunsa ya taɓa ciyar da gidansu, don Allah ya miƙe tsaye. Kada ku ji nauyi, ku miƙe.

Masha Allah. Mai girma injiniya, don Allah ka waiwaya. Ga iyayenmu mata can, layi uku cur. Ga masunta. Ga makiyaya a bakin taga. A'a, manaja, har da direbanka! Shugaban tasha, kai ma? To madalla. Mai girma shugaba, waɗannan su ne "ba kowa" ɗin da na rubuta.

Yaya, ke zauna abinki, ƙafarki ba ta son tsayuwa. A takardar gwamnati na share ki, shi ya sa ban ga ya dace in ba ki haƙuri a soro mu biyu ba. A gaban shugabanni da jama'ar gunduma nake cewa na yi kuskure, na san gaskiya na rubuta wani abu daban. Ki yafe mini.

Kun ji ta ko? Na baya ba su ji ba, bari in maimaita. Ta ce sai ta ga an gyara takardar. Haka take tun muna yara.

To mai girma shugaba, ka ji sharaɗin da aka gindaya mini, kuma ba ni da ikon cika shi sai da izininka. Damina saura wata biyu. Ka ɗaga sa-hannun nan zuwa lokacin, ka ba ni injiniya ɗaya da sarƙar awo. Shekarata saba'in da biyu, gwiwoyina sun gaji, amma zan shiga kwarin nan ranar da ya cika, in tsaya a tsakiyarsa, a auna inda ruwa ya kai mini, a rubuta abin da ido ya gani kamar yadda doka ta ce.

Allah ya albarkaci dutsenmu da baƙar ƙasarmu da koginmu. Allah ya sa wutar kamfani kada ta mutu, jiniyar masaƙa kada ta yi shiru, jirgi kada ya daina tsayawa a tasharmu. Allah ya yi wa shugabanninmu jagora, ya ba su haƙurin saurare. Allah ya saka wa iyayenmu mata da alheri, ya mayar da baƙinmu gida lafiya, ya ba ni tsawon ran da zan gyara abin da hannuna ya ɓata.

Na gode.