Tarwaɗar da Na Kai wa Bulama

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Sabi'u daga Kano, amma daga masaukina a Haɗejia nake rubutowa, hankalina a tashe.

Kamfaninmu ne ya turo ni wani ƙauye a yankin Guri in tallata wa manoman shinkafa injin ban ruwa na sola. Bulaman garin ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ce in jira Asabar zai tara mini jama'a. Kwana biyu babu aikin fari balle na baƙi, sai na sayi ƙugiya na nufi wani tafki a bayan gari. Kifi sai tsalle yake, babu masunci ko ɗaya, ni kuwa ban tambayi dalili ba. Na kamo ƙatuwar tarwaɗa, da murnata na kai wa Bulama kyauta a gaban dattawa.

Ya ce, "Malam, a ina ka samo?" Ina faɗa wuri ya yi tsit. Ashe tafkin a rufe yake, ko ɗan gari bai isa ya jefa ƙugiya ba sai Sarkin Ruwa ya buɗe shi ranar su.

Asabar na shimfiɗa tabarmi, ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Sau uku ina zuwa gaisuwa ana cewa Bulama yana gona. Oga kuma ya ce in na koma hannu rabbana, in nemi wani aikin. Malam, ina da iyali!

Mutanen Guri, don girman Allah ku taimaka, ta wace ƙofa ake ba Sarkin Ruwa haƙuri? Wallahi da na sani, da barci na yi kwana biyun nan.