Sunayen da Ta Bar wa Ƴar Lele

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam da ya buɗe mana zaman nan da addu'a, Allah ya ƙara lafiya. Shugaban wannan ma'aikata da manyanmu na wurin aiki, barkanku da zuwa. Baba da Mama, iyayen marigayiya, ina gaishe ku da girmamawa, ya ƙarin haƙuri? Maigidanta, Baban Ƴar Lele, da ƴan'uwa da maƙwabta, sannunku. Ke kuma Ƴar Lele da aka zaunar a kujerar gaba ƙafafunki ba su kai ƙasa ba, ina ganin ki, ki ɗan ƙara mini haƙuri.

Ni ce wadda teburina ke kallon nata. Ina rubuta manhaja, ita tana gwadawa, wato ni in gina ita ta zo ta girgiza ginin ta ga ko zai faɗi. Yaya nake ce mata, sauran ofis kuwa Anti Ƙugiya, kuma za ku ji dalili.

Akwai wata tambaya da Baban Ƴar Lele ya yi mini bayan rasuwar. Da ciwo ya kwantar da Yaya a gida, ta riƙa ɗaukar muryarta a tsohuwar kwamfutarta, saƙo bayan saƙo, duk na ƴarta. Kowane saƙo ta sa masa suna, sunan kuma shi ke faɗin ranar da za a buɗe shi. Ta sa mijinta ya yi mata alkawari cewa babu kunnen da zai ji su sai na yarinyar, kowanne a ranarsa. To kwamfutar nan ta tsufa, ta fara mutuwa tana farfaɗowa. Ya gwada kwafe saƙonnin zuwa tasa, wadda ba irinsu ɗaya ba, sai ya ga sunayen sun rikiɗe, alamar tambaya da ƙananan akwatuna sun cika allo. Bai ƙara taɓa komai ba. Ya rungumo kwamfutar ya kawo mana, ya ce in sunayen suka lalace dole wani ya zauna ya saurari komai kafin a san wanne ne na wace rana, shi kuma ya yi alkawari. Ya tambaye ni ko za su tsira. Ban ba shi amsa a lokacin ba. Zan ba shi kafin in zauna, in sha Allah.

Ta kasance mai gwaji, kuma wallahi ba ta da sauƙi. Manhajarmu aikinta ɗaya ne, ta kwashe wa mutum fayilolinsa daga wata na'ura zuwa wata, hotuna da takardu da murya. A ƙarƙashin teburin Yaya akwai kwamfutoci uku, kowace da tsarinta da halinta, kuma duk ta raɗa musu suna. Akwai Tsohuwa mai gurnani in an kunna ta, akwai Gimbiya mai tsada da yanga, akwai Mai Gardama. Ita ta koya mana cewa na'urorin nan ba bakinsu ɗaya ba. Ka sa wa fayil suna da haruffan Turanci zalla, duka ukun za su karɓe shi hannu bibbiyu. Amma ka sa harafi mai ƙugiya irin namu, ko rubutun Larabci, ko harafi mai ɗigo a ka, sai kowace ta fito da nata ra'ayin. Wata ta rubuta harafin a dunƙule, wata ta raba shi biyu, wata ta rantse maka babu fayil ɗin alhali ga shi kana kallo.

Saboda haka duk aikin da muka gama, sai Yaya ta ƙirƙiro fayil mai suna kamar “ƙwaƙwalwar ɓera ɗanye”, ta kwafe shi daga Tsohuwa zuwa Gimbiya, ta canza masa suna, ta goge shi, ta dawo da shi, ta tura wa Mai Gardama, sannan ta maido shi gida ta duba harafi bayan harafi. In ƙugiya ɗaya ta faɗi a hanya, shi ke nan, aikinka ya dawo teburinka. Sau nawa muka ɗauki jaka za mu tafi gida, sai mu ji ta yi gyaran murya? Gyaran muryar nan ya hana mutane da yawa a ɗakin nan cin abincin dare a gida, ga su can suna murmushi.

Ta kasance ba ta yarda da gajeriyar hanya ba. Akwai dabarar da kowa ya sani a sana'armu, a sa manhaja ta share ƙugiyoyin ta mayar da sunan haruffa zalla, kowa ya huta. Duk sabon ma'aikaci sai ya kawo shawarar nan a makonsa na farko yana jin ya gano abin da ba a taɓa ganowa ba. Yaya ba ta faɗa. Takan jawo masa kujera ta ba shi labarin wata tela da ta taɓa zuwa nan tana kuka. Matar ta sayi sabuwar kwamfuta, aka kwashe mata hotunan ɗinkunanta na shekara da shekaru, sai sunaye biyu da suka bambanta da ƙugiya kawai suka zama ɗaya, wani ya hau kan wani ya danne shi. Cikin abin da ya ɓace har da hoton rigar ƙarshe da ta ɗinka wa mahaifiyarta. Ba manhajarmu ce ta yi ɓarnar ba, amma Yaya ta yini da matar suna nema, kuma ba su samu ba. In ta gama labarin sai ta ce:

“Sunan da mutum ya ba abinsa nasa ne. Mu ƴan dako ne kawai, yadda aka ba mu haka za mu kai.”

Ta kasance mai buɗaɗɗen hannu da iliminta. Gwaje-gwajen nan da ta haɗa ba ta kulle su a ofis ba, sai da ta matsa wa shugabanmu, ga shi nan zaune, har ya yarda aka sake su kyauta ga duk mai rubuta manhaja. Mutanen da ba ta taɓa gani ba suka riƙa aiko mata da haruffan harsunansu suna roƙon ta sa a gwaji. In sabon harafi ya iso, sai ta kira mu mu zo mu gani, tana murna kamar an kawo mata jariri suna. Da labarin rasuwarta ya kai gare su, sun aiko da ta'aziyya da rubutu iri-iri, wasu ma ba mu iya karantawa ba, amma duk sun iso lafiya.

Baba, Mama, kun yi tarbiyya. Ƴarku ba ta taɓa cewa abu ya yi ba alhali ba ta duba ba, kuma ba ta taɓa kunyata wanda ta kama da kuskure ba. Takan rubuto maka a hankali, ta haɗa da ƴar zolaya. Muna kewarta ƙwarai. Ni dai har yau in na gama aiki sai in ɗaga kai in kalli teburinta.

Baban Ƴar Lele, ga amsarka. Kwamfutar da ka kawo Tsohuwa ce, ita Yaya ta roƙa ta tafi da ita gida da ciwo ya yi tsanani. Mun mayar da ita mazauninta kusa da ƴan'uwanta. Abu na farko, mun cire wayar lasifika, don kada ko da kuskure murya ta fita. Sannan muka kwafe saƙonnin da manhajarmu, muka bi hanyar Yaya yadda ta koya mana, ba mu tsallake ko taki ɗaya ba, daga wannan na'ura zuwa waccan, mu dawo mu gwada suna da suna. Tsohuwa ta mutu mana a tsakiyar aiki, muka jira ta huce, muka lallaɓa ta ta tashi. Sunayen dole muka karanta, ka yafe mana wannan. Akwai “Ranar da kika ɓata wa Babanki rai”. Akwai “Idan ƙawarki ta juya miki baya”. Akwai “Ranar da kika haifi ɗanki na fari”. Wanda ke karantawa ya kasa ci gaba, wani ya karɓa, shi ma ya kasa.

Duka sun tsira. Babu ƙugiyar da ta faɗi, kuma babu wanda ya ji ko kalma ɗaya. Alkawarinka yana nan yadda ka ɗauke shi.

Ƴar Lele, taso ki zo nan wurina. Akwai guda ɗaya da muka sa miki a wayar Babanki, don ranarsa ta zo. Mamanki ta san mu sarai, ta san za mu tara mutane mu yi ta dogon surutu. Ga sunan da ta sa masa: “Ranar da aka ɗora ki a kujerar gaba ana ta yabona, ke kuma kin ƙosa”. Karɓi, ga abin sawa a kunne. Je ki teburinta ki zauna a kujerarta, mun bar ta yadda take. Babu mai bin ki, ki ɗauki lokacinki.

Jama'a, mun gode da zuwanku, mun gode wa iyalinta da suka ba mu aron ta tsawon shekarun nan. Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe mata, ya haskaka makwancinta. Yadda ta riƙe amanar mutane ta kai musu kayansu cikakku, Allah ya karɓi nata aikin cikakke. Allah ya ba Baba da Mama da maigidanta juriya. Allah ya raya Ƴar Lele, ya ba ta tsawon rai da lafiya har ta buɗe saƙo na ƙarshe a ranarsa. Amin.